Awon Ƙara da Wayar Hannu a Cikin Birnin Zariya: Amfaninsa da Iyakarsa

Birnin Zariya na cikin ganuwa an tsara shi ne a zamanin da mafi ƙarfin sautin da mutum zai ji a wuni bai wuce bugun maƙera ba, ko tambari a ƙofar fada, ko muryar ladan. Lungunansa matsattsu ne, gidajensa manne da juna, kuma sau da yawa katanga ɗaya ce tsakanin ɗakin kwanan wani da shagon wani. A cikin wannan tsari ne janareta ya shigo, da injin niƙa, da babur, da Keke Napep, da lasifika. Idan maƙwabta suka saɓa a kan ƙara, abin da mai unguwa yake samu a gabansa magana biyu ce: wannan ya ce an hana shi barci, wancan ya ce abin bai kai haka ba. Yanzu kuwa duk mai babbar waya yana iya sauke manhaja, wato shirin da ake ɗora wa waya don ta yi wani aiki, ya ɗaga wayar sama ta nuna masa lamba. Abin da muke son bincikawa shi ne me wannan lamba take nufi, da inda ya dace a amince da ita, da inda amincewa da ita zai kai mu ga zaluntar wani ko ga sakaci da lafiyarmu.

Da farko sai mun bambanta abubuwa uku. Sauti shi ne kaɗawar iska da ke isa kunne, kuma yana da siffofi biyu: ƙarfi, wato girman matsin da kaɗawar take yi, da kaifi, wato yawan kaɗawar a cikin sakan ɗaya. Kunnen matashi mai lafiya yana jin abin da ke kaɗawa daga kimanin sau 20 zuwa sau 20,000 a sakan. Rugugin babbar mota yana can ƙasa, kukan algaita yana sama da shi nesa. Ƙara, a wannan nazari, muna nufin sautin da ƙarfinsa ya yi yawa, ko ana so ko ba a so. Hayaniya kuwa ita ce sautin da mai ji ba ya so, ko da ba shi da ƙarfi sosai. Ƙara aba ce da na'ura take iya aunawa. Hayaniya hukunci ne na mai saurare, wanda ya danganta da lokaci da wuri da dangantakarsa da mai yin sautin, don haka babu na'urar da take auna ta kai tsaye.

Ma'aunin ƙarfin sauti shi ne desibel, ana rubuta shi dB, kuma an samo sunan daga Alexander Graham Bell. Sifili a wannan ma'auni shi ne mafi ƙanƙantar sautin da lafiyayyen kunne zai iya ji. Hirar mutum biyu a zaure tana kusa da 60. Wajen 120 zuwa 130 kunne yake fara ciwo. Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne desibel ba ya tafiya da ƙidayar da muka saba. Ƙarin desibel 10 yana nufin kuzarin sautin ya ninka sau goma, ƙarin 20 sau ɗari, alhali kunne yana jin ƙarin 10 ne kamar ninki biyu kawai. Ƙarin desibel 3, wanda da ƙyar kunne yake lura da shi, ninki biyu ne na kuzari. Saboda haka idan janareta ɗaya yana ba da 80, aka kunna irinsa a gefensa, abin da za a samu shi ne 83. Haka nan idan teloli biyu suna da janareta iri ɗaya a bakin lungu, ɗaya ya kashe nasa don ya faranta wa maƙwabta, desibel 3 kaɗai za su ragu, kuma mai ƙorafi zai iya rantsewa babu abin da ya canza. Wanda bai fahimci wannan lissafi ba zai riƙa raina bambancin 3 ko 5 a fuskar wayarsa, alhali a nan ne cutarwa take ɓuya.

Akwai abubuwa biyu da suka rage. Kunne ba ya jin kowane kaifi daidai wa daida. Ya fi jin na tsakiya, inda maganar ɗan Adam take, ya rage jin na can ƙasa. Don haka na'urori suna tace sautin ta yadda zai yi kama da jin kunne, kuma awon da aka tace haka ana rubuta shi dB(A). Da shi dokoki da likitoci suke aiki, duk lambar da za mu kawo daga nan kuma irinsa ce. Sannan sauti ba ya tsayawa wuri ɗaya, lambar waya tana tsalle kowane lokaci. Abin dogaro shi ne matsakaici, wato ƙarfin da zai ba da kuzari daidai da na dukan hawa da saukar da aka yi a tsawon lokacin awo. Manhajoji suna nuna shi da alamar Leq. Ƙololuwa kuwa ita ce lamba mafi girma da aka taɓa cikin lokacin. Yawancin gardamar da ake yi da hoton fuskar waya ƙololuwa ake nunawa, wadda ƙahon babur ɗaya zai iya haifarwa, a wurin da ya kamata a nuna matsakaici.

Sautukan birnin za mu iya kasa su uku bisa yadda suke zaune a cikin lokaci. Na farko mai ɗorewa, wanda yake riƙe ƙarfi ɗaya na sa'o'i: injin niƙa da na markaɗe, janaretan masu ɗinkin surfani da masu cajin waya da masu walda, injin yankan katako. Na biyu mai zuwa yana wucewa: zirga-zirgar ababen hawa daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, cinkoson bakin kasuwa, lasifikar mai tallar magani, kiɗan biki, wa'azi da tafsirin watan azumi. Na uku mai bugu ɗaya, wanda yake tashi ya faɗi cikin ƙiftawar ido: guduma a maƙera, da harbin 'yan bindiga ranar hawan Sallah. Wannan rabo yana da muhimmanci domin waya ba ta yi wa ukun hidima iri ɗaya. Na farko tana auna shi cikin minti kaɗan. Na biyu sai an daɗe ana awo, an kuma maimaita a ranaku dabam-dabam. Na uku kuwa ya fi ƙarfinta gaba ɗaya, kamar yadda za mu gani.

Cutarwar ƙara kuwa iri biyu ce. Akwai wadda take faɗa wa kunne. A can cikinsa akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, cike da ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne, su ne suke mayar da kaɗawa saƙon da ƙwaƙwalwa take fahimta. Ƙara mai yawa tana kashe su a hankali, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa. Jin sauti mai kaifi, wajen kaɗawa 4,000 a sakan, shi yake fara tafiya, shi ya sa mutum zai ce yana jin magana amma ba ya rarrabe kalmomi a cikin taro. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ba da shawarar kada ma'aikaci ya wuce sa'a 8 a cikin ƙarar 85, kuma duk ƙarin 3 a raba lokacin biyu: sa'a 4 a 88, sa'a 2 a 91, sa'a 1 a 94, minti 15 kacal a 100. Akwai kuma cutarwar da take faɗa wa barci da natsuwa da karatu, wadda take farawa ƙasa da haka sosai. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 1999 ta sa 30 a cikin ɗakin kwana da dare, da 35 a cikin aji lokacin darasi, kuma bincike na baya-bayan nan ya danganta daɗewa cikin ƙarar titi da cututtukan zuciya.

Nijeriya tana da doka a kan wannan. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli, ta fitar da ƙa'idojin ƙara a 2009. Sun sa 50 da rana da 35 da dare a unguwar zama zalla, 55 da 45 a inda zama ya haɗu da ɗan kasuwanci, 60 da 50 a inda ya haɗu da ƙananan masana'antu. Dare kuma daga ƙarfe 10 ne zuwa ƙarfe 6 na safe. Duk wanda ya san Kwarbai ko Kaura ko Limancin Kona zai ga wahalar ɗora wannan rabo a kansu. Unguwar zama zalla ba ta da yawa a birni. Gida ɗaya yana iya zama mazauni, da makarantar allo a zaure, da shagon tela a jikin katanga, da injin markaɗe a bayan gida. Kuma abin da doka ta kira dare ya haɗiye asuba, lokacin da birnin ya riga ya farka. Ba muna cewa dokar ba ta da amfani ba. Muna cewa ne lambar waya, ko da daidai take, ba ta gaya mana layin da za a gwada ta da shi.

To, daidai take? Na'urar awo ta ƙwararru tana bin mizanin duniya mai lamba IEC 61672, wanda ya kasa ta aji na 1 da aji na 2, kuma kafin aiki ana saita ta. Saiti shi ne a sa mata wani ɗan bututu mai fitar da sanannen sauti, galibi desibel 94 a kaɗawa 1,000, a gyara ta har ta nuna 94. Makirufon waya kuwa ɗan mitsitsi ne da aka ƙera don murya, kuma wayoyi da yawa suna sarrafa sautin kafin ya isa manhaja: su ɗaga mai rauni, su danne mai ƙarfi, su share abin da suka ɗauka ƙarar bayan fage ce, wato ainihin abin da muke son aunawa. A 2014 masu bincike biyu na NIOSH, Chucri Kardous da Peter Shaw, sun duba manhajoji 192. Daga 130 na iPhone goma ne suka cika sharuɗɗan shiga gwaji, kuma kaɗan daga cikinsu suka zo kusa da na'urar ƙwararru da tazarar da ba ta wuce desibel 2 ba. Daga 62 na Android huɗu ne suka kusanci sharuɗɗan, sakamakonsu kuma ya sha bamban daga waya zuwa waya. Da suka sake gwaji a 2016 da makirufo na waje da aka saita, tazarar ta sauko zuwa kimanin desibel 1. Manhajar da cibiyar ta fitar kyauta a 2017 ta iPhone ce kaɗai, domin wayoyin Android kamfanoni da yawa ne suke ƙera su, kowanne da irin makirufonsa.

Wannan batu na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye, tun da wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanen Zariya su ne Tecno da Infinix da itel da makamantansu, duk Android. Wayoyi biyu a kan tabarma ɗaya, da manhaja ɗaya, suna iya saɓawa da desibel da yawa. Mun kuma ga cewa kuskuren 3 ya isa ya ninka ko ya raba lokacin da kunne zai jure. Sai dai wannan bai mayar da wayar abin banza ba. Tana kamar mudun da ba a gwada shi da na kasuwa ba: ba za a yanke farashi da shi ba, amma idan da shi kaɗai aka auna buhu biyu, zai faɗi gaskiya a kan wanda ya fi cika. Waya ɗaya, a hannu ɗaya, da manhaja ɗaya, tana da kyau wajen kwatanci: kafin a matsar da janareta da bayan an matsar, taga a buɗe da taga a rufe, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa. Bambancin lambobi biyu ya fi kowace ɗaya daga cikinsu zama abin dogaro.

Akwai wani rauni da ya fi damun mu. Makirufon waya yana da rufin da ba ya wucewa, kuma a wayoyi da dama rufin yana nan wajen 90 zuwa 100. Idan ƙara ta haura shi, lambar sai ta tsaya cik, ta ci gaba da nuna abu ɗaya komai ƙaruwar sautin. Ke nan wayar ta fi rauni a daidai inda haɗari ya fi girma, kuma kuskurenta a nan na ragewa ne, irin wanda yake kwantar da hankali. Mai injin niƙa da ya ga lambarsa ta maƙale a wuri ɗaya kada ya ɗauka nan ƙarar ta tsaya. Harbin bindiga kuwa yana iya haura 140 a kusa, kuma yana wucewa kafin manhaja ta ankara. Wanda ya auna shi da waya a ƙofar fada ranar hawa ya ga 95, abin da ya gani rufin wayarsa ne.

Hanyar awo tana da nata ladubba, kuma a lungun birni sun fi wuyar kiyayewa. A cire wa waya riga, a duba ramin makirufo ko ƙurar hunturu ta toshe shi, a riƙe ta nesa da jiki da tsawon hannu, a tsayin da ya kai mita 1.2 zuwa 1.5 daga ƙasa. A nisanci bango da aƙalla mita ɗaya, domin sautin da ya dawo daga bango yana ƙara lamba. A lungun da faɗinsa bai wuce mita biyu ba wannan ba ya samuwa, sai dai a rubuta cewa a lungu aka auna. Iska tana kaɗa makirufo ta ba da ƙarar ƙarya, don haka a kare shi ko a jira ta lafa. A rubuta wuri, da lokaci, da nisa daga tushen sautin, da sunan waya. Nisa ya fi komai tasiri: a fili, duk ninka nisa daga inji ɗaya yana rage kimanin desibel 6, amma tsakanin katangu biyu sautin yana ta komowa, raguwarsa ba ta kai haka. Lokaci ma yana da hannu. Da asubar hunturu iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama sanyi, sai sautin ya lanƙwaso ƙasa ya yi nisa fiye da yadda zai yi da azahar, ga shi kuma gari ya yi tsit.

A ganinmu akwai binciken da waya ta dace da shi ƙwarai a Zariya, shi ne kwatanta gini da gini. Ƙa'idar kimiyya ita ce nauyin bango ne yake tare sauti, kuma duk ninka nauyin yana ƙara kariyar desibel 5 zuwa 6. Katangar tubali mai kauri da rufin soro na azara da ƙasa sun fi bulo mai rami da rufin kwano nauyi nesa ba kusa ba. Tsarin gidan gargajiya ma yana taimakawa: zaure, sannan shigifa, sannan tsakar gida, kowace ƙofa a karkace da ta gabanta, an yi su don sutura amma suna karya sautin titi kafin ya kai ɗaki. Sai dai kariyar ɗaki tana bin mafi raunin sashensa ne, taga ko ƙasan ƙofa, don haka ba kowane soro ba ne zai ci gwajin. Idan ɗalibi ya auna bakin titi da cikin ɗaki da waya ɗaya, a gidan ƙasa da gidan siminti na layi ɗaya, bambancin da zai samu abin dogaro ne ko da wayar ba a saita ta ba. Garin da ya gaji aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim, yana rushe sorayensa ɗaya bayan ɗaya. Masu kare su sukan kafa hujja da sanyi da tarihi, kuma muna ganin hujjar barci mai daɗi ta cancanci a auna ta a ƙara a kansu.

Neman shaida ta zahiri a rikicin maƙwabta ba baƙon abu ba ne a fiƙihun Malikiyya da birnin yake bi. Ibn al-Rami, wani magini na Tunis a ƙarni na 14, ya rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini, inda ya kawo yadda ake gwada ko dutsen niƙa yana cutar da bangon maƙwabci: a rataye takarda da zare a rufin da ke kan bangon, a ɗora mata busasshiyar ƙwayar tsiro, a sa a juya dutsen, a duba ko ƙwayar za ta motsa. Girgizar da ke lalata bango malamai sun ɗauke ta cutarwa. A kan sauti tsagwaronsa kuwa sun yi saɓani, domin a ɗaya gefen akwai sana'ar da mutum yake ci da iyalinsa. Gwajin yana tabbatar da aukuwar abu, hukuncin kuma yana hannun alƙali. A wannan matsayi muke son a ajiye waya. Batun lasifikar masallaci ko ta wa'azi ko ta biki ba lamba ce za ta warware shi ba, tun da desibel 70 na kiran sallah da 70 na janareta ba ɗaya ba ne a zuciyar mai ji. Amma lamba tana iya nuna wa kwamitin masallaci cewa juya bakin lasifika daga tagar mara lafiya, ko ɗaga ta sama, ko rage ta bayan an tayar da sallah, ya sauke desibel kaza a ɗakinsa ba tare da kiran ya daina isa unguwa ba. Wanda zai yi awon ya nemi izini tukuna, musamman a cikin gidan mutane, domin manhajar makirufo take buɗewa, wasu kuma suna ajiye sautin da wurin da aka ɗauke shi.

Gyaran raunin saiti ba shi da tsada. Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru da Kongo, Kwalejin Nuhu Bamalli tana kusa, kuma na'urar ƙwararru guda ɗaya ta isa a jera wayoyi a gefenta a rubuta wa kowace yawan abin da take ƙarawa ko ragewa. Manhajoji da dama suna da wurin shigar da wannan gyara. Manhajar NoiseCapture, wadda masu bincike a Faransa suka yi don Android, tana haɗa awo da wuri ta zana taswirar ƙara, kuma da wayoyin da aka saita ɗalibai za su iya zana ta birni daga Ƙofar Gayan zuwa Ƙofar Kuyambana.

Amma idan za a fara da wuri ɗaya, mu dai da injin niƙa za mu fara, domin mai barcin da aka tayar yana da bakin yin ƙorafi, yaron da ke tsaye a kan inji tun safe kuwa bai san ana cutar da shi ba. A kusa da irin waɗannan injina an saba samun ƙarar da ta haura 90, inda lokacin da aka yarda da shi bai wuce sa'a biyu ba. Ko babu waya akwai alamar da masana suke bayarwa: idan sai an ɗaga murya kafin wanda ke nesa da tsawon hannu ya ji, ƙarar ta kai 85 ko ta wuce. Audugar da wasu suke cusawa kariyarta kaɗan ce; matoshin kunne na soso, idan an murza shi an sa shi ciki sosai, ya fi ta nesa, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ɗaure sassan injin da suka saki, da kafa shi a kan roba, da karɓa-karɓa tsakanin yaran shago duk suna rage abin da kunne yake ɗauka, kuma waya za ta nuna ko gyaran ya yi aiki. Wanda kunnensa yake ƙugi bayan an tashi daga aiki, ko yake yawan cewa a maimaita masa magana, gwajin ji yake bukata, kuma ana yin sa a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa da ke Shika, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.